Yadda Ake Bambance Mafarki da Zahiri Wajen Nazarin Gajeren Labari

Akwai irin gajeren labarin da mai karatu zai kai ƙarshensa, ya rufe littafin, sannan ya tsaya yana tambayar kansa ko abin da ya sami tauraron labarin ya same shi ne ido biyu, ko kuwa barci ne ya sace shi ya yi mafarki. Ɗalibai da yawa, idan aka ba su irin wannan labari su yi sharhi a kansa, sukan yi gaggawar rubuta cewa ai mafarki ne, su ɗauka magana ta ƙare, alhali kuwa a nan ne aikin nazari yake somawa. A ganina wannan tambaya tana da hanyar da ake bi a amsa ta, kuma hanyar ita ce wadda alƙali adali yake bi: a tattaro shaidu daga cikin matanin kansa, a duba bakin da kowace shaida ta fito, a auna nauyinta, sannan a yanke hukunci daidai gwargwadon abin da shaidun za su iya ɗauka. Zan nuna hanyar da labarin "Young Goodman Brown" na marubucin Amurka Nathaniel Hawthorne, wanda aka fara bugawa a 1835, domin yana cikin labaran da manazarta suka fi daɗewa suna wannan muhawara a kansu. Inda kwatanci zai taimaka zan kawo wasu labaran.

Ga wanda bai karanta shi ba, labarin ya faru ne a ƙauyen Salem na yankin Massachusetts a ƙarni na 17. Wani matashi mai suna Brown, wanda bai wuce wata uku da aure ba, ya yi sallama da matarsa da faɗuwar rana, ya nufi daji domin cika wani alkawari da shi kansa ya san ba na alheri ba ne. Sunan matar Faith, kalmar da ke nufin imani, kuma ta ɗaure hularta da wasu siraran ƙyallaye ruwan hoda. A dajin ya haɗu da wani mutum mai kimanin shekara 50 da ya yi kama da shi, riƙe da sanda mai siffar baƙin maciji. Tafiya ta yi tafiya, Brown ya ga tsohuwar da ta koya masa karatun addini tana hira da wannan mutum kamar tsofaffin aminai, ya ji muryar limamin cocinsu da ta wani dattijon cocin suna maganar taron da za a yi a daren, daga ƙarshe ya tsinci kansa a taron matsafa inda aka gabatar da shi da matarsa domin a shigar da su. Ya yi wa matar ihu ta dubi sama ta bijire wa Shaiɗan, nan take komai ya ɓace, ya ga kansa shi kaɗai cikin dare. Da safe ya koma gari, kuma daga ranar har ya mutu bai sake yarda da kowa ba.

Fara da abin da ba a gardama a kansa

Ka karanta labarin sau ɗaya a tsanake ba tare da ka rubuta komai ba, sannan ka sake karanta shi da fensir a hannu. A karatu na biyu, abin da za ka fara nema shi ne sassan da babu mai hankalin da zai ce mafarki ne. A labarin Hawthorne sassa biyu ne: sallamar da aka yi a bakin ƙofa da yamma, da kuma shigowar Brown cikin gari da safe haɗe da duk rayuwarsa ta bayan nan. Waɗannan su ne gaɓa biyu na kogin, kuma duk abin da ke tsakaninsu shi ne ruwan da za ka auna zurfinsa. Amfanin wannan mataki shi ne yana ba ka ma'auni, domin da zarar ka san yadda marubucin yake siffanta duniya lokacin da tauraro yake a farke, za ka iya gane lokacin da siffantawar ta sauya.

Daga nan sai ka nemi wurin ɗinki, wato jimlar da mafarkin zai iya farawa a cikinta da kuma wadda zai iya ƙarewa. Marubuta kan bar alama a irin wannan wuri: tauraro ya zauna, ko ya jingina da wani abu, ko ya gaji, ko ya lumshe ido, ko tunaninsa ya karkata ga barci. A labarinmu wurin fita a fili yake, domin Brown ya dafa dutsen da ɗazu yake ci da wuta ya ji shi da sanyi da laima, wani reshe da ya gani yana cin wuta kuma ya yayyafa masa raɓa mai sanyi a kumatu. Wurin shiga ne ke da wuya. Akwai inda Brown ya zauna a kan kututture ya ce ba zai ƙara taku ɗaya ba, abokin tafiyarsa ya bar shi, shi kuma ya shiga yabon kansa yana tunanin irin barci mai daɗi da zai yi a daren a gefen matarsa. Wannan wuri ya dace ƙwarai da inda gyangyaɗi zai ɗauki mutum. To amma kafin ya zauna a kututturen ya riga ya ga sandar maciji, ya kuma ga tsohuwar malamarsa ta ɓace a gabansa, saboda haka idan ka ce a nan mafarkin ya fara, ka bar abubuwan al'ajabi da yawa a ɓangaren zahiri. Idan kuma ka matsar da ɗinkin baya zuwa shigarsa daji, babu jimla ɗaya da ta nuna ya kwanta ko ya tsaya. Ka rubuta wannan a gefen takardarka kamar yadda ka same shi: akwai ƙofar fita, babu tabbatacciyar ƙofar shiga. Wannan rashin daidaito shi kansa shaida ne, kuma za ka bukace shi nan gaba.

Wa ya faɗa, kuma da wace gaɓa aka shaida

Mataki na gaba shi ne mafi cin lokaci, kuma shi ne mafi amfani. Ka bi kowane abin mamaki da ya faru a tsakiyar labarin, ka tambayi kanka ko mai ba da labarin ne ya tabbatar da shi da bakinsa, ko kuwa ya gaya mana ne kawai abin da tauraro ya gani ko ya ji ko ya zata. Tsakanin a ce sanda ta motsa da a ce ya ga kamar sanda tana motsi akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin wannan tazara ce ake ɓoye amsar irin waɗannan labarai. Ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar shakka, irin su kamar, wataƙila, ya yi tsammani, wai, da alama. Idan fassara kake karantawa, ka yi ƙoƙari ka duba asalin matanin a wuraren da hukuncinka ya rataya a kansu, domin masu fassara kan share irin waɗannan ƙananan kalmomi don jimla ta yi santsi, su kuwa su ne kayan aikinka.

Hawthorne ya cika labarinsa da su. Da ya ambaci yadda sandar take murɗawa kamar maciji mai rai, nan take ya ƙara da cewa lalle ido ne ya yi gizo saboda ƙarancin haske. Da mutumin ya jefa sandar a gaban tsohuwar, mai ba da labarin ya ce wataƙila ta zama mai rai, amma Brown bai iya shaida hakan ba domin ya ɗaga kai sama cikin mamaki, kafin ya sauke ido babu tsohuwa babu sanda. A wurin taron ma, mai ba da labarin ya ce ko dai hasken wutar ne ya ɗauke wa Brown ido, ko kuma ya gane wasu mutanen cocinsu ne da gaske, ya bar zaɓin a buɗe. Game da matar gwamna, cewa ya yi wasu suna faɗin tana wurin. Game da ruwan da ke cikin wani rami a jikin dutsen, tambaya ya yi ko ruwa ne da hasken wuta ya rina, ko jini, ko wuta mai gudana.

Ka kuma raba abin da aka gani da abin da aka ji. Akan ce gani ya kori ji, to a wannan labari akwai muhimmin wuri da ji ne kawai babu gani. Brown ya ji takun dawakai, ya ji muryar limami da ta dattijon coci, ya ɗaga ƙafa ya leƙa, ya janye rassa ya zura ido iyakar ƙoƙarinsa, amma bai ga ko inuwarsu ba, kuma ba su tare ɗan hasken da ke faɗowa daga sama ba lokacin da suke wucewa. Muryar matarsa ma daga cikin wani baƙin gajimare ya jiyo ta, gauraye da wasu muryoyi da ke zuwa suna ɓacewa. Sai dai adalci ya wajabta ka rubuta shaidar da ta saɓa wa inda zuciyarka ta karkata. A wurin taron akwai jimlar da ta ce kai tsaye limami da dattijon suka kama hannayen Brown suka kai shi gaban dutsen, babu kamar babu wataƙila. Mai nazarin da ya ɓoye wannan jimla don ta ɓata masa hujja ya ci amanar mai karatunsa.

Abin da ya ƙetare iyaka

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi a irin wannan shari'a ita ce abin da ake iya taɓawa da hannu, wanda ya fito daga ɓangaren da ake shakka ya shigo ɓangaren da aka tabbatar. Idan tauraro ya farka da rauni a jikinsa, ko da wani abu a aljihunsa da ya samo a wancan ɓangaren, to marubucin yana gaya maka abin ya faru. Idan kuma ya farka ya tarar babu komai, ko ya tarar da abin a inda ya saba zama, hukunci ya karkata ga mafarki.

A nan ne maganar ƙyallen ruwan hoda take shigowa, kuma ya kamata ka daɗe a kanta. Bayan Brown ya ji muryar matarsa cikin gajimare ya kira sunanta, wani abu ya sauko daga sama a hankali ya maƙale a reshe, ya kai hannu ya ɗauka, sai ya ga ƙyalle ne ruwan hoda. A wannan jimla mai ba da labarin bai saka kalmar shakka ba, kuma wannan ne lokacin da Brown ya yi ihu cewa imaninsa ya tafi, kalmar da take nufin matarsa da addininsa a lokaci guda. Wanda yake ganin abin ya faru da gaske zai ce ga shaida nan a hannu. Amma ka juya zuwa safiya: Brown ya hango matarsa tana jiransa cikin ɗoki, da ƙyallayenta ruwan hoda a kanta, kuma matanin bai ce akwai ƙyalle a hannunsa ko a aljihunsa ba. Wanda yake ganin mafarki ne zai ce ga tasa shaidar. Sai dai kada ka yi saurin bin na biyun ma, domin tun farkon labarin ƙyallayen da yawa ne, kuma macen da ta rasa ɗaya daga cikinsu ba za a gane daga nesa ba. Iyakar abin da za ka iya faɗa da gaskiya shi ne ƙyallen bai ƙetare iyaka ba, ya bayyana a cikin daji ya tsaya a can. Shaidar da ta fi kama da tabbas a daren, da gari ya waye ba ta da wanda zai tsaya mata.

Akwai wani gwaji mai kama da wannan, mai sauƙin yi kuma mai yanke gardama da wuri. Ka duba ko akwai fage ɗaya a labarin da wanda ake zaton yana mafarkin ba ya nan, amma abin al'ajabin ya ci gaba. A labarin "Hanci" na marubucin Rasha Nikolai Gogol, wanda aka buga a 1836, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Kovalyov ya wayi gari babu hanci a fuskarsa, har ya mintsini kansa don ya tabbatar ba barci yake ba. Amma labarin bai fara da shi ba, ya fara ne da wanzaminsa, wanda ya tsinci hancin a cikin burodi ranar 25 ga Maris, a gidansa, Kovalyov ba ya wurin. A labarin Franz Kafka na 1915 game da Gregor Samsa, wanda ya farka daga mafarkai marasa daɗi ya ga ya rikiɗa ya zama wani ƙaton ƙwaro, mai ba da labarin ya faɗa tun shafin farko cewa wannan ba mafarki ba ne, sannan labarin ya ci gaba bayan mutuwar Gregor, ana bin iyayensa da ƙanwarsa sun fita shan iska. Mamaci ba ya mafarkin abin da ya biyo bayansa. Idan ka yi wa labarin Hawthorne wannan gwaji za ka ga babu fage ko ɗaya a cikin dajin da Brown ba ya nan, kuma babu wani mutum na biyu da ya taɓa tabbatar da abin da ya gani.

Kada ka manta da hanya ta uku

Kuskuren da na fi gani a rubuce-rubucen masu koyo shi ne ɗaukar cewa duk abin da ba zai yiwu a duniyarmu ba, to dole mafarki ne a cikin labari. Wannan bai inganta ba, domin kowane labari yana da tasa duniya da nata ƙa'idoji. Mutumin da Brown ya haɗu da shi ya ce minti 15 da suka wuce yana Boston ya ji agogon wani coci yana bugawa, alhali tsakanin Boston da Salem akwai kimanin kilomita 25, tafiyar da ba ta yiwuwa ga mai ƙafa ko mai doki cikin wannan lokaci. Wannan yana iya zama alamar mafarki, inda nisa da lokaci ba su da ma'auni, amma yana iya zama alamar cewa mutumin Shaiɗan ne da gaske a duniyar labarin. Manazarcin nan Tzvetan Todorov, a littafin da ya wallafa da Faransanci a 1970, ya raba irin waɗannan labarai gida uku: wanda abin mamakinsa yake samun bayani na hankali daga ƙarshe, kamar barci ko zazzaɓi ko yaudara, da wanda aka karɓi abin al'ajabinsa a matsayin gaskiya, da kuma wanda yake barin mai karatu yana kai-kawo tsakanin biyun har ƙarshe. Sanin gidan da labarinka yake ciki ya fi tsayawa kan tambayar e ko a'a.

Don ka gane ƙa'idojin duniyar labari, sai ka san abin da mutanen zamanin da aka kafa shi suka yi imani da shi. A 1692 an yi shari'o'in maita a Salem, aka rataye mutum 19. Babbar hujjar da kotun ta dogara da ita ita ce shaidar waɗanda suka ce sun ga surar wane ko wance ta zo tana azabtar da su, ko da mai surar yana wani wuri a lokacin. Malaman cocin zamanin sun yi muhawara a kan ko Shaiɗan zai iya aron surar mutumin kirki ba da yardarsa ba, kuma Increase Mather, ɗaya daga cikin manyansu, ya rubuta cewa zai iya, abin da ya raunana irin wannan shaida ƙwarai. Hawthorne haifaffen Salem ne, kakan kakansa John Hathorne yana cikin alƙalan waɗannan shari'o'i, kuma ya saka sunan Martha Carrier, wadda aka rataye a wannan shekara, cikin mahalarta taron dajin. Da wannan sani a hannu, ka koma ka lura da yawan yadda yake kiran mutanen dajin da kalmomi masu nufin sura da siffa da kamanni. Hanya ta uku ta buɗe ke nan: Brown yana iya kasancewa a farke, Shaiɗan yana iya kasancewa na gaske, amma mutanen da ya gani surori ne aka nuna masa, masu surorin suna gida suna barci. A wannan karatu babu mafarki, kuma babu laifin kowa.

Wata shaidar da ake nema ita ce ko kayan da aka gina abin al'ajabin da su duka daga kan tauraron suka fito. Tun kafin masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya yi bayani a littafinsa na 1900 cewa mafarki yana aron kayan aikinsa daga abin da ya wakana da rana, marubuta sun san wannan. Matar Brown ta yi masa maganar mafarkai masu tsoratarwa a bakin ƙofa, ya tafi yana juya maganar a ransa, yana jin nauyin barinta. Baƙon dajin ya yi kama da shi har a iya cewa mahaifinsa ne. Manyan waɗanda ya gani a daren mutane ne da yake girmamawa tun yana yaro. Wannan yana ƙarfafa karatun mafarki, amma ka riƙe shi a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu, domin mai yaudara ma da abin da ke zuciyar mutum yake yaudararsa.

Idan marubucin ya rufe ƙofa

Ba kowane labari ne yake barin tambayar a buɗe ba, kuma ƙirƙiro shakka inda marubuci ya kawar da ita laifi ne daidai da ƙirƙiro tabbas inda babu. Labarin marubucin Amurka Ambrose Bierce na 1890, "An Occurrence at Owl Creek Bridge", kyakkyawan abin gwaji ne. A lokacin yaƙin basasar Amurka sojojin Arewa sun tsayar da wani manomi mai suna Peyton Farquhar a kan gadar jirgin ƙasa a arewacin Alabama za su rataye shi. Igiya ta tsinke, ya faɗa ruwa, ya tsira daga harsasai, ya yini yana tafiya cikin daji, ya iso ƙofar gidansa ya ga matarsa, sai jimlar ƙarshe ta ce ya mutu, gawarsa tana lilo a ƙarƙashin gadar da karyayyen wuya. A nan hukunci yankakke ne, duk gudun magagin mutuwa ne da ya wakana tsakanin faɗuwa da karyewar wuya. Aikin mai nazari shi ne ya koma baya ya nuna inda aka shuka alamun. Tun yana kan gada ƙarar agogonsa ta zame masa kamar dukan masaba a maƙera, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana ƙara tsawo. A cikin ruwa yana ganin jijiyoyin ganye da ƙwarin da ke kansu a gaɓar kogi, har da launin idon sojan da ke saitin sa. Yashin gaɓa ya zame masa kamar duwatsu masu daraja, hanyar gida ta miƙe babu gona babu gida, taurari sun jeru a tsarin da bai sani ba, ana raɗa da harshen da bai gane ba. Wuyansa yana ciwo, harshensa ya kumbura, ƙafafunsa ba sa jin ƙasa, wato jikin da ke rataye yana kutsowa cikin mafarkin. Wannan alama ta ƙarshe ka neme ta a kowane labari, domin sanyi ko zafi ko ƙara daga duniyar zahiri kan shigo mafarki da wata riga.

Yanke hukunci da rubuta shi

Bayan ka tara shaidu, ka yi gwaji na ƙarshe. Ka ɗauka mafarki ne ka sake duba ƙarshen labarin, sannan ka ɗauka zahiri ne ka sake dubawa, ka ga abin da ya sauya a jigo da abin da bai sauya ba. Hawthorne da kansa ya yi tambayar a kusa da ƙarshe, ko Brown barci ya yi a daji ya yi mummunan mafarki, ya amsa da cewa a ɗauka haka ne in an so, amma mafarki ne da ya zame masa mugun abu. Idan mafarki ne, to Brown ya hukunta gari guda da abin da ya fito daga kansa. Idan surori ne, ya maimaita kuskuren alƙalan 1692. Idan kuma komai ya faru da gaske, har yanzu akwai abin da bai sani ba, domin matanin ya faɗa ƙarara cewa Brown bai san ko matarsa ta bi kiransa ta bijire ba, amma duk da haka ya dube ta da safe fuska a murtuke ya wuce ba gaisuwa. Ya kauce wa albarkar limami kamar mai gudun la'ana, ya fizge wata yarinya daga gaban tsohuwar malamarsa tana cikin koya mata karatu, ya rayu har tsufa da 'ya'ya da jikoki, aka binne shi ba a rubuta kalmar fata nagari a dutsen kabarinsa ba. A duk hanyoyi ukun abu ɗaya bai motsa ba, shi ne mutum ya ɗauki zato ya mayar da shi yaƙini. Ni a nawa karatun nan ne nauyin labarin yake, kuma shi ya sa nake ganin da gangan marubucin ya goge ƙofar shiga mafarkin, don mai karatu ya tsaya a daidai inda Brown ya tsaya, da shaida marar cika a hannunsa.

Wajen rubuta sharhinka, ka sa ƙarfin kalmarka ya yi daidai da ƙarfin shaidarka. Inda matani ya yanke, kamar a labarin Bierce ko na Kafka, ka ce matanin ya tabbatar, ka nuna jimlar. Inda shaidu suka rinjaya ɓangare guda, ka ce sun fi karkata ga kaza, ka kawo waɗanda suka saɓa, ka yi bayanin dalilin da ya sa ba su rinjaye ka ba. Inda marubucin ya bar ƙofa a buɗe, ka faɗi haka, amma kada ka tsaya a nan, ka nuna dabarun da ya bi ya bar ta a buɗe da abin da hakan ya ƙara wa jigo. Idan kana rubutu a kan ƙyallen ruwan hoda, alal misali, maimakon ka ce ya nuna mafarki ne, za ka iya rubuta cewa ƙyallen shi ne abu ɗaya da Brown ya riƙe da hannunsa a matsayin shaidar laifin matarsa, cewa matanin bai sake ambaton sa a hannunsa ba bayan wannan wuri, cewa da safe an ga matar da ƙyallayenta, kuma saboda haka ba zai iya zama hujjar cewa ta halarci taron ba, ko da bai isa ya tabbatar da cewa Brown barci ya yi ba. Sannan ka sa lambar shafi a gaban kowace daga cikin waɗannan maganganu uku, don wanda zai karanta sharhinka ya iya komawa ya duba da idonsa.